Yadda Ake Tantance Binciken Likitan Mafitsara da Ƙirga Yawan Ambatonsa

Tambayar nan ta sha zuwa daga bakin mutane daban-daban. Ƙaramin likita a asibitin koyarwa na Korle Bu a Accra, Ghana, da ke haɗa takardun neman ƙarin girma ya yi ta. Ɗalibar da aka ce ta rubuta taƙaitaccen tarihin aikin malaminta ta yi ta. Mai shirin Hausa a rediyo da ke son gabatar da baƙonsa, da kwamitin matasa a unguwar Nima ko Maamobi ta Accra da ke son gayyato likitan mafitsara ya yi wa dattawa bayanin cutar furostet, duk sun yi ta. Abin da suke son sani ɗaya ne: takarda nawa wannan likita ya wallafa, kuma sau nawa sauran masana suka kafa hujja da su?

Kafa hujjar nan ita muke kira ambato, wato wani mai bincike ya sa takardarka cikin jerin ayyukan da ya dogara da su. Samun lamba ba wuya, cikin minti biyu Google Scholar, shafin Google na neman takardun bincike, zai ba ka ɗaya. Wahalar tana wajen tabbatar da cewa lambar ta mutumin ce, kuma abin da aka ƙirga ya cancanci a ƙirga shi. Don haka rabin aikin da ke ƙasa tsabtace jerin takardu ne, lissafin kansa ɗan kaɗan ne.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Kana buƙatar kwamfuta, don waya ba ta da daɗin wannan aiki, da Excel ko Google Sheets, da intanet mai ɗan ƙarfi. PubMed, Google Scholar, ORCID, iCite, SCImago, DOAJ da binciken AJOL (rumbun mujallun Afirka), shafukan da za mu yi aiki da su a ƙasa, duk kyauta ne, kuɗin data kawai za ka kashe. Scopus da Web of Science, manyan rumbunan ƙirga ambato, na kuɗi ne, jami'o'i ke biyan su, ba mutum ɗaya ba. Idan kana da katin Jami'ar Ghana, tambayi ma'aikatan laburaren Balme a Legon ko laburaren makarantar likitanci a Korle Bu wanne daga ciki ake iya shiga a wannan shekara. Idan babu, Scopus Preview yana nuna shafin marubuci kyauta, da yawan takardu, da jimillar ambato, da ma'aunin h (za mu bayyana shi a Mataki na 7). Kada ka tura wa kowa ko sidi ɗaya ta MoMo don ya "ciro maka" waɗannan lambobi.

Ga likita mai takardu talatin zuwa hamsin, ware yammaci biyu ko uku. Ka riƙa adana fayil ɗin a Google Drive, don wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki.

Mataki na 1: Tabbatar da mutumin kafin ka ƙirga komai

A nan mafi yawan mutane suke faɗuwa, kuma sunayenmu na Zongo sun fi kowa shan wannan matsala. Mohammed, Muhammad, Mohamed, Muhammed: mutum ɗaya na iya fitowa da rubutu huɗu. Wata mujallar ta mayar da sunan yanka sunan mahaifi, wata ta mayar da sunan mahaifi na yanka. Mai suna uku wani lokaci ya fito da harafi ɗaya, wani lokaci biyu. Sunayen Akan masu haɗe da ɗan layi a tsakiya su ma ana raba su gida biyu, ko a jefar da rabi. Likita mace da ta sauya suna bayan aure tana iya samun shafi biyu, kowanne da rabin aikinta.

Buɗe shafin farko a Excel ka rubuta duk siffofin da sunan zai iya ɗauka. A gefe ka rubuta wuraren da ya yi aiki da shekarunsu, su ma da siffofinsu: Korle Bu, Korle-Bu, Korlebu, University of Ghana Medical School, 37 Military Hospital, da duk inda ya yi horo a waje. Ƙara shekarar da ya gama makarantar likitanci da shekarar da ya ƙware, ko ta Ghana College of Physicians and Surgeons ko ta West African College of Surgeons.

Idan yana da lambar ORCID, rabin wahala ta ƙare. Lamba ce mai gurbi 16, rukuni huɗu-huɗu, kuma ba a bai wa mutum biyu iri ɗaya. Idan kana da hanyar tuntuɓarsa, ka roƙi takardar tarihin aikinsa cikin ladabi. Ita ce madubin da za ka riƙa dubawa, amma ba hujja ba ce: duk abin da ke cikinta sai ka gan shi da idonka a mujallar.

Gargaɗi: idan ka ga takarda da sunansa a kan aikin gona ko sinadaran ƙasa, ko wadda ta fito lokacin yana sakandare, ta takwaransa ce. Kada son ƙara masa lamba ya sa ka bar ta.

Mataki na 2: Fara da PubMed

PubMed na laburaren likitanci ne na gwamnatin Amurka, kuma shi ya fi tsabta a fannin lafiya. Kada ka rubuta sunan a babban akwatin shafin farko. Danna Advanced, zaɓi Author daga jerin, rubuta sunan mahaifi sannan haruffan farko ba tare da waƙafi ba. Sai ka ƙara Affiliation ka rubuta Ghana. Maimaita wannan ga kowace siffar suna.

Dalilin kauce wa babban akwatin shi ne yana iya haɗa marubuta da masu taimakawa wuri guda, waɗanda PubMed ke ajiye sunayensu ƙarƙashin Investigator. Bambancin yana da nauyi, za mu dawo kansa.

Gargaɗi biyu a nan. Tsofaffin takardu, kusan duk waɗanda suka shiga kafin 2014, adireshin marubuci na farko kawai PubMed ya ajiye, don haka sharaɗin Ghana zai ɓoye takardun da ya yi da abokan aiki na waje. Sake binciken ba tare da adireshi ba, ka maye gurbinsa da kalmomin fannin da Turanci: na furostet, mafitsara, ƙoda, hanyar fitsari, 'yan maraina. Na biyu, cikakkun sunaye sun fara shiga PubMed ne daga 2002, kafin nan haruffan farko ne kawai.

Da ka gamsu da sakamakon, danna Save, zaɓi All results, zaɓi CSV. Fayil ɗin zai zo da take, marubuta, mujalla, shekara, lambar PMID (lambar takardar a PubMed) da lambar DOI (lambar shaidar takardar a intanet). Shi ne ƙashin bayan jerinka.

Mataki na 3: Cike giɓi da AJOL da Google Scholar

Likitan da ke aiki a Accra ba duk aikinsa ke shiga PubMed ba. Ghana Medical Journal tana ciki, haka Pan African Medical Journal, amma akwai mujallun nahiyar da sai a AJOL za ka same su, ko a shafin mujallar kanta. Duba African Journal of Urology da Journal of the West African College of Surgeons kai tsaye. A Google Scholar ka nemi shafinsa idan yana da shi, idan babu ka sa sunan cikin alamar zance tare da kalmar fannin. Manhajar Publish or Perish, wadda ita ma kyauta ce, tana kwaso sakamakon Google Scholar ta zuba maka a tebur. Kada ka matsa mata da bincike a jere, Google zai tsayar da kai na ɗan lokaci.

Duk takardar da ka samu a nan wadda ba ta cikin fayil ɗin PubMed, ƙara ta da hannu, ka rubuta inda ka same ta.

Mataki na 4: Tsabtace jerin, ka raba shi gida-gida

Jera komai bisa DOI, sannan bisa take, maimaici zai fito fili. Abin da aka fi gani shi ne aiki ɗaya ya fito sau uku: taƙaitaccen bayanin da aka gabatar a taro, kwafin da aka sa a intanet kafin tantancewa, sai cikakkiyar takardar. Ta ƙarshen kaɗai ake ƙirgawa. Takardar gyaran kuskure da mujalla ta fitar daga baya ba sabon aiki ba ce.

Sai ka buɗe sabon layi ka sa wa kowace takarda nau'inta: bincike na asali, nazarin da ya tattara binciken wasu, rahoton majinyaci ɗaya ko kaɗan, wasiƙa ga edita, babi a littafi, bayanin taro. A fannin tiyatar mafitsara rahoton majinyaci ɗaya yana da yawa, kuma yana da amfaninsa, domin likitan da ke asibitin gunduma zai iya koyon yadda aka ciro wata irin tsakuwa ko aka gyara raunin kaciya. Amma ba a ɗora shi a sikeli ɗaya da binciken da ya bi maza ɗari uku shekara biyar bayan an yi musu aikin toshewar hanyar fitsari.

Wani layin kuma na matsayinsa ne a jerin marubuta: na farko, na ƙarshe, ko na tsakiya. A al'adar likitanci na farko shi ya ɗauki nauyin aikin, na ƙarshe galibi shi ne babban da ya jagoranta. Ka kuma lura da wanda aka sa adireshinsa don tuntuɓa.

Mataki na 5: Tantance mujallun

Akwai mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin kwana uku ba tare da wani masani ya duba ba, kuma sukan ɗauki suna mai kama da na mujallar kirki, su sauya kalma ɗaya. Ga kowace mujalla da ba ka sani ba, kwafi lambar ISSN ɗinta, wato lambar shaidar mujallar, ka duba wurare uku: NLM Catalog, kundin laburaren da ke da PubMed, don ganin ko MEDLINE, sashen PubMed na tantattun mujallu, na tattara ta, SCImago, wanda ke nuna mujallun Scopus da rukuninsu daga Q1 (na sama) zuwa Q4 (na ƙasa), da DOAJ idan wadda kowa ke karantawa kyauta a intanet ce. Da lambar za ka bincika, ba da suna ba.

Gargaɗi: ganin takarda a PubMed ba ya nufin an tantance mujallarta. Wasu takardun suna shiga ne saboda wanda ya ba da kuɗin binciken ya wajabta a ajiye su a PubMed Central, rumbun cikakkun takardu na kyauta da ke haɗe da PubMed. Haka kuma rashin mujalla a Scopus ba ya mayar da ita bogi, akwai mujallun ƙungiyoyin likitoci na Afirka masu mutunci da ba sa ciki. Duba wanda ke buga ta, da editocinta, da ko tana rubuta ranar karɓar takarda da ranar amincewa da ita.

A wannan matakin ka duba ko an janye wata takarda. PubMed na sa alama mai launi a saman takardar da aka janye, kuma kundin Retraction Watch, mai jera takardun da aka janye, ya zama na kowa tun 2023 ta hannun Crossref. Takardar da aka janye tana ci gaba da tara ambato shekaru, amma ba ta shiga lissafi.

Mataki na 6: Ɗauko ambaton, duka a rana ɗaya

Yi layi uku: Google Scholar, Scopus, Web of Science idan ka samu. Cike su a rana ɗaya ka rubuta ranar a sama, domin lambobin suna motsi kowane mako. Kada ka yi mamaki idan suka sha bamban sosai. Google Scholar kusan kullum ya fi yawa, saboda yana ƙirga kundin ɗalibai, littattafai, rahotanni da maimaici. Scopus da Web of Science daga mujallun da suka zaɓa kaɗai suke ƙirgawa. Ga mai bincike a Ghana wannan na nufin Google Scholar yana kumbura lambar, sauran biyun kuma suna tauye ta, tunda yawancin masu ambatonsa a nahiyar suna rubutu a mujallun da ba a tattarawa.

Babban kuskure a nan shi ne cakuɗawa: a ɗauki lambar wannan takarda daga Google Scholar, ta waccan daga Scopus, a haɗa jimilla. Kowane layi da jimillarsa. Jerin Cited by da ke ƙasan takarda a PubMed kuma bai cika ba, kada ka ɗauke shi a matsayin ƙidaya.

Mataki na 7: Lissafa ma'aunin h da hannunka

Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fiziks a Amurka, shi ya fito da wannan ma'auni a 2005. Jera takardun daga mai ambato mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, ka ba su lambar layi. Sauko har inda lambar layi ta zarce yawan ambato, sai ka koma baya da ɗaya.

Ga misalin koyo. A ce likita na da takardu 12, ambatonsu 85, 40, 22, 15, 11, 9, 6, 4, 3, 1, 0, 0. Ta shida tana da 9, ta wuce 6. Ta bakwai tana da 6, ba ta kai 7 ba. Ma'auninsa na h shi ne 6. Jimillar ambato 196. Ma'aunin i10 da Google Scholar ke nunawa, wato takardun da suka kai ambato goma, shi ne 5. Ka lura takarda ɗaya ta kwashe 85 cikin 196, kusan rabi, abin da ma'aunin h ba zai taɓa gaya maka ba.

Me ya sa da hannu, alhali shafi ya riga ya lissafa? Saboda shafin ya lissafa ne a kan jerin da ba a tsabtace ba. Idan lambarka ta bambanta da tasa, bi sawu ka gano takardar da ta jawo bambancin.

Mataki na 8: Ware ambaton kai da takardun taron dangi

Mai bincike ya ambaci aikinsa na baya ba laifi ba ne, wanda ya shafe shekara goma a kan ciwon dajin mafitsara dole ya dogara da abin da ya riga ya gina. Amma a nuna lambar gida biyu, da ambaton kai da kuma ba tare da shi ba. A Scopus, shafin Citation overview yana da wurin cire shi. A Google Scholar sai da hannu: buɗe jerin masu ambaton manyan takardunsa biyar ka duba sunaye. Idan ka ga mutum uku zuwa huɗu suna ta ambaton juna a ƙananan mujallu, ka rubuta abin da ka gani.

Takardun taron dangi su suka fi rikita lissafin likitocin tiyata. Manyan ayyuka irin su GlobalSurg da COVIDSurg sun tara bayanan majinyata daga asibitocin ƙasashe da dama, kuma sunayen masu taimakawa ɗaruruwa ne, wani lokaci dubbai, a ƙarshen takarda. Irin waɗannan takardu suna tara ambato mai yawan gaske. Likitan da ya shigar da bayanan majinyatan ɗakinsa ya yi aiki na gaske kuma ya cancanci a faɗa, amma ba shi ya tsara binciken ko ya rubuta shi ba. Ajiye su a tebur na daban, ka lissafa ma'aunin h da su da kuma babu su.

Kada wannan ya sa ka raina duk wani haɗin gwiwa. Binciken furostet da aka yi a Accra tsakanin 2004 da 2006, inda aka gwada maza sama da dubu masu shekara 50 zuwa 74 tare da cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka, da ayyukan ƙungiyar MADCaP da ke nazarin ciwon dajin furostet a mazan Afirka, likitocin nan sun shiga cikinsu a matsayin cikakkun marubuta. Buɗe takardar ka karanta sashen da ke bayyana gudummawar kowa, a nan za ka ga wanda ya tsara, wanda ya duba majinyata, da wanda ya rubuta.

Mataki na 9: Auna shi da sa'o'insa

Lamba ita kaɗai ba ta cewa komai. Ma'aunin h ba ya raguwa, kuma yana son tsufa, don haka farfesan da ya fara wallafa a 1995 galibi zai fi wanda ya fara a 2018. Raba ma'aunin da yawan shekarun da suka wuce tun takardarsa ta farko, za ka samu abin da ya fi adalci. Ka kuma ba takardun shekara biyu da suka wuce uzuri, ambato ba ya zuwa da wuri.

Ko a cikin fannin ma ba a tafiya daidai. Takarda a kan ƙwayoyin gadon ciwon dajin furostet tana da masu karatu a Amurka da Turai, kuma mujallu irin European Urology da Journal of Urology can suka fi karkata. Takarda a kan tsargiya a ƙauyukan bakin tafkin Volta, ko yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, ko dattijon da ya shekara da robar fitsari yana jiran tiyata, masu rubutu a kansu kaɗan ne, don haka masu ambato ma kaɗan ne. A ganina wannan shi ne wurin da mai tantancewa ya fi buƙatar hankali, domin cututtukan da suka fi damun mutanenmu su ne suka fi ƙarancin ambato.

Akwai kayan aiki da ke rage wannan rashin daidaito. Kwafi lambobin PMID ka zuba a iCite, zai ba kowace takarda maki gwargwadon fanninta, inda 1.0 ke daidai da matsakaiciyar takardar da NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, ta ɗauki nauyi. Scopus na da makamancinsa, FWCI, inda 1.0 ke nufin matsakaicin duniya ga takardu masu fanni, nau'i da shekara iri ɗaya.

Gargaɗi: kada ka auna mutum da makin tasirin mujalla (impact factor). Wannan maki matsakaicin ambaton da takardun mujallar na shekara biyu suka samu ne, kuma 'yan takardu kaɗan ke ɗaga shi. Sanarwar DORA ta 2012 a San Francisco a kan wannan kuskuren aka yi ta.

Bayan duk lissafin, ɗauki manyan takardunsa biyar ka karanta. Majinyata nawa? An bi su tsawon wane lokaci? Kwamitin ɗa'a ya amince? Waɗanda suka ambace shi sun dogara da sakamakonsa ne, ko suna sukarsa, ko sun jero shi ne kawai a gabatarwa?

Mataki na 10: Rubuta sakamakon

Shafi ɗaya ya isa. Rubuta suna da lambar ORCID, ranar da ka ɗauko bayanai, yawan takardu bisa nau'i, nawa ne yake na farko ko na ƙarshe, jimillar ambato da ma'aunin h daga kowane rumbu da sunan rumbun, sannan lambobin bayan cire ambaton kai da takardun taron dangi. A ƙasa ka jero abin da ka cire da dalili. Idan don neman ƙarin girma ne a jami'a, karɓi ƙa'idar da ake aiki da ita yanzu daga ofishin magatakarda kafin ka fara, domin ita ke faɗar irin takardun da ake karɓa da yadda ake tura su ga masu tantancewa na waje.

Idan kai ne likitan, gyara gidanka tun kafin wani ya zo dubawa. Buɗe ORCID, ka tsaya a kan rubutun suna guda da adireshi guda. A Google Scholar ka tabbatar da shafinka da imel na jami'a, ka haɗe maimaici, ka kashe ƙarin takardu kai tsaye don ya riƙa tambayarka tukuna. A Scopus, idan an raba ka shafi biyu, akwai fom na neman a haɗe su kyauta, sai dai gyaran kan ɗauki kwanaki ko makonni, kada ka bari sai ana gobe rufe karɓar takardu.

Ga kwamitin unguwa ko iyalin da ke neman wanda zai yi wa Baba tiyata, ku sani waɗannan lambobi ba sa auna hannun likita a ɗakin tiyata. Akwai ƙwararren da ke aiki dare da rana amma takardunsa ba su kai goma ba. Abin da za ku duba shi ne rajistarsa a Medical and Dental Council ta Ghana, da kwalejin da ta ba shi shaidar ƙwarewa, sannan ku tambaye shi kai tsaye sau nawa yake yin irin wannan aikin a wata.